"Ban Gani Ba" Da "Babu"

Akwai maganganu biyu da mutane su kan gama su kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa da nisa tsakaninsu. Ta fari ita ce "ban gani ba," ta biyu kuwa "babu." A ce uwa ta aiki yaro ɗaka da magariba ya ɗauko mata allura. Ya shiga, ya lalluba bisa tabarma, ya komo ya ce babu. Allura kuwa tana nan a gindin bango. Yaron nan ya yi ƙarya, ko bai yi ba? Bai yi nufin ruɗin kowa ba, duk da haka abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne, uwar kuwa ta daina nema saboda maganarsa. Wannan tambaya mu ke so mu duba, za mu kuma ɗauko misalinmu daga wuri mai nisa ƙwarai, watau daga na'urorin da masana su ke aikawa cikin kumbo zuwa duniyar Mas, jan tauraron nan, su nemi ruwa da alamun rai.

Dalilin da ya sa misalin ya dace shi ne, ba ɗan Adam da ya taɓa sa ƙafa a can. An ce gani ya kori ji, amma a wannan sha'ani ba mai gani. Duk abin da mu ka sani game da ƙasar Mas ta bakin manzo ya zo, manzon kuwa ƙarfe ne da waya. Ba ya cin hanci, ba shi da dangi cikin shari'ar, ba ya tsoron sarki. Sai mutum ya zaci irin wannan mashaidi ba zai ɓad da kowa ba. Bari mu gani.

Abu biyu a kan aike su nema. Na ɗaya ruwa, gama ba mu san wani mai rai da ya ke rayuwa ba tare da shi ba. Na biyu waɗansu sinadarai ne da aka gina bisa kabon, watau ainihin abin da ke cikin gawayi, haɗe da haidirojin. Da irinsu aka yi mai da sukari da nama da itace. Turawa suna ce da su "oganik," sunan kuwa tarko ne, domin asalinsa yana nufin abin da ya fito daga jikin mai rai. A shekara ta 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa sinadarin da ke cikin fitsari daga kayan da ba su taɓa rai ba. A 1969 kuma wani dutse ya faɗo daga sama kusa da garin Murchison a Ostareliya, aka sami cikinsa irin tubalan da a ke gina nama da su, ba kuwa mai rai ne ya yi su ba. Saboda haka mu a nan za mu ce da su dangin kabon kawai. Inda akwai rai lalle akwai su, amma suna iya kasancewa inda ba rai.

A 1976 kumbo biyu na Amurka, Viking 1 da Viking 2, suka sauka a Mas, na fari ran 20 ga Yuli, na biyu ran 3 ga Satumba, tsakaninsu fiye da kilomita 6,000. Kowanne yana da hannu mai ɗibar ƙasa, da ɗakin gwaji ƙarami a cikinsa. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen na Gilbert Levin ne, injiniya wanda ya fara aikinsa da neman ƙwayoyin cuta cikin ruwan sha, tare da abokiyar aikinsa Patricia Straat. Dabararsu mai sauƙi ce. A ɗiga wa ƙasa ɗan romo, amma kabon da ke cikin romon an sa masa shaida, kamar yadda makiyayi ya kan tsaga kunnen akuyarsa domin ya gane ta ko'ina. Idan akwai ƙananan halittu cikin ƙasar, za su ci romon su fid da numfashi, kabon mai shaida kuwa zai fito cikin numfashin, na'ura ta ƙidaya shi.

Aka ɗiga romo, sai iska mai shaida ta tashi nan da nan. Aka ɗebo wata ƙasar, aka gasa ta awa uku a zafin digiri 160 domin a kashe duk abin da ke ciki, sa'an nan aka ɗiga mata romo: ba abin da ya tashi. A wurin Viking 2 ma ƙasa ta amsa wa romon. Bisa ga ka'idar da aka shirya tun kumbon bai tashi ba, wannan amsa ce irin ta mai rai. Mai karatu ya tuna da halin waɗannan mutane, shekara da shekaru suna aiki domin wannan rana.

Amma akwai wani mashaidi cikin kumbon, na'urar da Klaus Biemann ya shugabanta, wadda aikinta neman dangin kabon ne. Ya kamata mu fahimci yadda ta ke aiki, gama dukan zancen a nan ya rataya. A kan zuba 'yar ƙasa, wadda ba ta kai cikin ƙaramin cokali ba, cikin wani ɗan tanderu, a hura zafi har digiri 500. Abin da ke ciki sai ya tashi ya zama tururi. A tura tururin cikin wani siririn bututu. Ku ɗauka ayarin fatake ne ya shiga ƙunƙuntar hanya cikin kurmi: tun suna cunkushe, sannu a hankali masu saurin tafiya su wuce gaba, masu nawa su rage a baya, har su fito ɗaya bayan ɗaya. A bakin hanyar kuwa ga mai awo zaune, kowa ya fito ya auna shi da kayansa, ta wurin nauyin ya san ko wane ne. Haka na'urar ta ke rarrabe sinadarai ta kira kowanne da sunansa, ko da kashi kaɗan ne cikin biliyan.

Ƙasa huɗu aka auna, biyu a kowane wuri. Na'urar ta ga ruwa kaɗan da iskar kabon. Ta kuma ga waɗansu ƙananan sinadarai biyu masu kulorin, ɗaya a wurin Viking 1, ɗaya a wurin Viking 2. Da ya ke an san irinsu cikin ruwan da a ke wanke na'urori da shi, sai aka ce dauɗa ce da ta biyo kumbo daga gida. Ban da su ba kome. To, ina mai rai ba jiki? Ga kuma gwaji na uku, na Vance Oyama, ya nuna ƙasar tana fid da oksijin da zarar ta ji laima, ko bayan an gasa ta, alamar akwai wani sinadari mai ci a cikinta. Har romon Levin ma, da aka ƙara shi karo na biyu, iskar ba ta sake tashi ba, alhali ƙwayoyi masu rai in an ƙara musu abinci su kan ƙara ci. Sai yawancin masana suka yanke cewa aikin sinadari ne, ba na rai ba.

A ganina hukuncin nan daidai ne bisa ga abin da ke gabansu. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a sura 19, ta hana a tabbatad da magana mai nauyi bisa bakin mutum ɗaya, ta kuma umurci alƙalai su yi bincike da himma. Cewa akwai rai a wata duniya magana ce mai nauyi ƙwarai, mashaidi ɗaya ne kuwa ya tsaya mata, sauran ba su goyi bayansa ba. Ba laifi ga alƙalin da ya ƙi sa hannu.

Laifin a wani wuri ya shigo. Rahoton masu na'urar ya faɗi inda aka ɗebi ƙasa, da yawanta, da zafin da aka hura, da iyakar abin da na'urar ta ke iya ji. Amma magana in ta bi baki da yawa ta kan zub da kayanta a hanya. "Ba mu sami dangin kabon cikin ƙasa huɗu da mu ka gasa ba" ta zama "babu dangin kabon a Mas," ita kuma ta zama "Mas matacciya ce." Haka aka rubuta cikin littattafan makaranta, haka yara suka haddace. Ba wanda ya yi ƙarya a cikin jerin nan, kowa ɗan guntu ya yanke domin maganar ta yi daɗin faɗi. Amurka ba ta sake sauke kumbo a Mas ba sai 1997, shekara 21 ke nan. Dalilan suna da yawa, kuɗi na ciki, amma wanda aka gaya wa babu allura a ɗaka ba ya saurin kunna fitila.

Ga kuwa wani abu da ya isa ya hana a rufe zancen. Duwatsu irin na Murchison suna faɗawa Mas kamar yadda su ke faɗowa nan, suna ɗauke da dangin kabon. Ko da ba rai ko kaɗan, ya kamata a ga ɓurɓushinsu. Mashaidin da ya ce bai ga ɓarawo ba, a yarda da shi. Amma in ya ƙara da cewa bai ga mai gida ba, bai ga ƙofa ba, sai a tambaye shi ko da haske a wurin.

Yanzu mu bar wannan kaɗan, mu dubi yadda aka tabbatad da ruwa, domin a nan shaida ta tafi yadda ya kamata. A 2002 kumbon Mars Odyssey, yana kewaya Mas daga sama, ya ƙidaya waɗansu ƙananan ƙwayoyi da a ke kira niyutiron, waɗanda su ke tsalle daga ƙasa sa'ad da haskoki daga sararin sama su ka buge ta. Haidirojin ya kan rage musu gudu. Inda masu gudu suka yi ƙaranci, akwai haidirojin da yawa a ƙarƙashi. Ku lura, na'urar ba ta ga ruwa ba, haidirojin ta ji, masana ne suka ce mai yiwuwa ƙanƙara ce. Sai a watan Mayu na 2008 kumbon Phoenix ya sauka can arewa, inda alamar ta ke da ƙarfi. Ya tona rami da hannunsa, aka ga waɗansu fararen gutsattsari a hoto. Gishiri ne ko ƙanƙara? Bayan kwana huɗu aka sake ɗaukar hoto, sun ɓace. Gishiri ba ya ɓacewa haka. A ƙarshen Yuli aka zuba ƙasar cikin tanderu, na'ura ta auna tururin, ruwa ne. Mashaida uku ke nan, ɗaya da ƙidaya daga nesa, ɗaya da ido, ɗaya da wuta da ma'auni. Abin da zai ruɗi ɗaya ba zai ruɗi sauran ba. Daga ranar nan masana suka ce akwai ƙanƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙasar Mas, ba "watakila" a ciki.

Phoenix ɗin nan kuwa shi ne ya tono abin da ba a aike shi nema ba. Yana da waɗansu ƙoƙuna inda a ke jiƙa ƙasa da ruwa a ɗanɗana gishirinta, a ciki aka sami wani gishiri mai suna fakuloret, kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Da sanyi gishirin nan lafiya lau ya ke zaune. In ya ji wuta sai ya saki oksijin mai yawa, shi ya sa a ke sa danginsa cikin makamashin roka. Rafael Navarro-González, masani daga Meziko, da abokan aikinsa suka ɗebo ƙasa daga hamadar Atakama ta ƙasar Cile, wadda an san akwai dangin kabon cikinta, suka gauraya ta da fakuloret, suka gasa yadda Viking ya yi. Yawancin dangin kabon suka ƙone. Abin da ya ragu kuwa, sai ga sinadaran nan biyu masu kulorin, waɗanda aka kira dauɗa shekara 34 da suka wuce. A 2010 suka buga wannan. Biemann bai yarda ba, ya yi gardama a rubuce, yana kuwa da hujjojinsa. Amma ƙofar da aka rufe ta buɗe.

Ku tsaya a nan ku yi tunani, gama wannan shi ne wurin da ya fi ba ni tsoro cikin labarin duka. Idan bayanin nan daidai ne, na'urar ba ta lalace ba, ba ta kuwa faɗi abin da ba ta auna ba. Hanyar tambayarta ce ta ƙone amsar. Tokar kuma tana hannunta, aka dube ta aka ce datti ne. Mu ma mu kan yi haka. Dattawa su kira yarinya gaban taro, a kewaye ta, a ɗaga murya, a ce ta faɗi abin da aka yi mata. Ta sunkuyad da kai, ta ce ba kome. Sai a tashi a ce an bincika, babu magana. Rawar da muryarta ta yi, da hawayen da ta share, a ce halin yara ne. Waɗanda suka zauna a wurin za su iya rantsewa cewa ba su ji kome ba, rantsuwarsu kuwa gaskiya ce. Duk da haka in suka ce "babu," sun ba da shaida a kan abin da zafinsu ne ya hana shi fitowa.

Akwai kuma darasi game da ƙidayar mashaida. Viking biyu ne, a wurare biyu masu nisa, amsarsu ɗaya. Sai a ce ai ga baki biyu. Amma tanderunsu iri ɗaya ne, abin da ya makantad da wannan shi ya makantad da wancan. Mutum goma da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya, mashaidi ɗaya ne da baki goma.

A watan Agusta na 2012 motar Curiosity ta sauka cikin kwarin Gale, tana ɗauke da na'ura mai suna SAM, jikanyar ta Biemann, mai ƙoƙuna 74. Tun gwajin fari aka ga dangin kabon. Abin nema ya samu, in ji masu iya magana. Amma masu na'urar suka gane wani ruwan magani da suka taho da shi daga gida, a rufe cikin waɗansu ƙoƙunan, ya yi yoyo, tururinsa ya bi cikin na'urar. Suka faɗa a fili. Suka yi ta gasa ƙoƙo wofi suna gwadawa da mai ƙasa, domin su san abin da ke nasu da abin da ke na Mas. Sai a Disamba 2014, fiye da shekara biyu bayan sauka, suka ce wani sinadari mai suna kulorobenzin, daga dutsen laka da suka huda a 2013, kabon ɗinsa na Mas ne. A 2018 aka ba da labarin waɗansu masu ƙibiritu cikin duwatsun da suka haura shekara biliyan uku. A wannan shekara kuma waɗansu suka koma kan tsofaffin takardun Viking 2, suka ce sun ga sawun kulorobenzin a ciki, yana kwance tun 1976.

Kada kuwa wani ya ce, to, a jefad da mashaidin da ya kasa. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin lardin Katsina. Shekaru da yawa ba wanda ya iya tabbatad da inda ya fito. Na'urar Biemann ɗin nan, ban da ƙasa, ta auna iskar Mas, awonta kuwa ya tsaya. A 1983 aka sami iska a kulle cikin wani dutse da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika, aka gwada ta da awon Viking, suka dace. A 1995 aka sami irinta cikin dutsen Zagami. Da shaidar na'urar da ta kasa ganin abin da ke cikin ƙasa aka san cewa guntun Mas ne ya faɗo ƙasar Hausa. Mutum ya kan zama makaho a wani sha'ani, mai gani sarai a wani, aikin alƙali kuwa ya san wanne ne wanne.

Levin fa? Sai a zaci duk wannan ya wanke shi. Ya cire babbar hujjar da aka kayad da shi da ita, gaskiya ne. Amma rushewar hujjar abokin gardama ba ta gina taka. A 2013 waɗansu masana suka nuna cewa fakuloret, in haskoki masu ƙarfi suka daɗe suna dukansa, ya kan haifi wani sinadari dangin ruwan da a ke faranta tufafi da shi, wannan kuwa yana iya cin romo ya fid da iska kamar yadda aka gani. Gishirin da ya buɗe masa ƙofa shi ne kuma ya kawo wani bayani dabam. Daga 1997 Levin ya riƙa faɗa a fili cewa ya sami rai a Mas, bai kuwa janye ba har ya rasu a 2021. Ina girmama naciyarsa, gama ya hana a binne tambayar da ba a amsa ba. Amma "na ga iska ta tashi" ita ce shaidarsa. "Na ga rai" ƙari ne, irin ƙarin da waɗancan suka yi, sai dai ta wancan gefe. Wanda ya daɗe yana marmarin abu, kowace inuwa ta kan yi masa kama da shi. Ko hukumar NASA ba ta tsira ba: a Satumba 2015 ta yi shelar alamar ruwan gishiri yana gangara a waɗansu tuddan Mas, a 2017 wani bincike ya nuna sun fi kama da yashi mai zubowa, a 2018 kuma aka gano cewa hanyar tace awon tana iya ƙirƙiro irin alamar da aka dogara gare ta.

Wani cikin ƙungiya zai ce, in haka ne ba mai iya buɗe baki, kowace magana sai an ɗaura mata "watakila" goma. Ba haka ba ne. Mai ɓuya bayan "watakila" alhali ya sani, shi ma ya rage wa gaskiya mudu. Masu Phoenix da suka auna tururi ba su yi kwana-kwana ba, suka ce ruwa ne. Abin da a ke bukata ga mashaidi shi ne ya faɗi abin da ya gani da ƙarfin da ya gan shi, ya kuma faɗi inda ya tsaya, da irin hasken da ke wurin, da abin da ke hannunsa wanda zai iya ɓata awon. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin ba mai son ya ce ƙoƙona ya yi yoyo.

A Yuli 2024 motar Perseverance ta iske wani dutse cikin tsohuwar hanyar kogi a kwarin Jezero, mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa. Na'urarta mai haska dutse da siririn haske, ba tare da gasa shi ba, ta ga dangin kabon a ciki. A gefen ɗigon kuma akwai ma'adinan ƙarfe irin waɗanda ƙananan halittu su kan bari cikin laka a nan duniya. Masanan suka yi fiye da shekara suna neman hanyar da za a sami irin wannan ba tare da rai ba. A Satumba 2025 suka buga abin da suka samu, suka ce alama ce mai yiwuwa, suka lissafa hanyoyin da ba su iya kawarwa sarai ba, suka ce na'urorin motar sun kai iyakarsu. Guntun dutsen da suka huda kuwa, tun 2024 suka rufe shi cikin bututun ƙarfe, domin wata rana a kawo shi gaban waɗansu ma'aunai.